Me ya sa Turai ta ci tarar Google, Amurka ta ƙyale shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar shari'a ce. Na karanta cewa a 2017 Tarayyar Turai ta ci kamfanin Google tarar Yuro biliyan 2.42 saboda babakere, alhali a Amurka an binciki irin wannan zargi, aka rufe maganar. Dokokin ne suka bambanta, ko kuwa Turawa sun tsangwami kamfanonin Amurka ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan kika ɗora dokokin biyu gefe da gefe, za ki ga kusan abu ɗaya suka haramta: haɗa baki a ƙayyade farashi, da amfani da ƙarfi a danne abokan gasa. Inda aka rabu shi ne wanda kowace doka take ƙoƙarin karewa, da wanda aka ba wa sandar hukunci.

Amurka ce ta riga kowa shahara a wannan fage da dokar Sherman ta 1890, wadda da ita aka raba kamfanin mai na Standard Oil gida 34 a 1911. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1970 kotunan ƙasar suka taƙaita tambayar zuwa guda: an cuci mai saye? Farashi ya hau, ko kaya sun ragu? In amsar a'a ce, to ko kamfani ya haɗiye kasuwa gaba ɗaya, da wuya a same shi da laifi. Girma ba laifi ba ne a can, tsada ma ba laifi ba ce. To ki duba Google: mai neman abu a shafinsa ba ya biyan ko sisi. Ta ina za a nuna farashi ya hau? Hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta rufe bincikenta a Janairun 2013 ba tare da shigar da ƙara kan wannan zargi ba.

Dokar Turai kuwa ta fito ne daga yarjejeniyar Rum ta 1957, yanzu sashe na 101 da na 102, kuma an rubuta ta don a dunƙule kasuwannin ƙasashe su zama ɗaya. Tun a shari'ar Michelin ta 1983 kotunsu ta ce kamfanin da ya mamaye kasuwa yana da nauyi na musamman a kansa. Abin da aka yarje wa ƙarami, ba lallai a yarje wa babba ba. Hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta gano cewa idan mutum ya nemi kaya, Google yana ɗora nasa shagon kwatanta farashi a saman shafin farko, babban abokin gasarsa kuma sai a shafi na huɗu. Mutum nawa ne ke zuwa shafi na huɗu? Wannan ya ishe su hujja, kuma babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da tarar a Satumban 2024.

Sai batun sanda, wanda ɗalibai suka cika tsallakewa. A Amurka dole Ma'aikatar Shari'a ta je gaban alƙali ta gamsar da shi. Shi ya sa sai a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere, kuma a kan wani batu daban: maƙudan kuɗin da yake biyan Apple da wasu don ya zama shi ne ke fara buɗewa a wayoyinsu, sama da dala biliyan 26 a 2021 kaɗai. A Turai hukumar ce ke bincike, ita ce ke yanke hukunci, tana iya cin tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duk duniya, sai daga baya kamfani ya ɗaukaka ƙara. Wannan tsari yana da sauri idan aka kwatanta, amma gaskiya ba ya kwantar min da hankali, domin mai tuhuma da mai yanke hukunci bai kamata su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya ba.

Zargin tsangwama ba yau aka fara shi ba. A 2001 Amurka ta amince General Electric ya sayi Honeywell, dukansu kamfanoninta, Turai ta hana, cinikin ya rushe. Amma hukumar nan ce ta ci masu ƙera manyan motoci na Turai, irin su Daimler da Volvo da DAF, tarar Yuro biliyan 2.93 a 2016 bayan sun shafe shekara 14 suna haɗa baki. Ita ce kuma ta hana Siemens na Jamus da Alstom na Faransa haɗe harkarsu ta jiragen ƙasa a 2019, gwamnatocin Jamus da Faransa suna ta ƙorafi. Don haka ban yarda da zargin ba.

Ina so kuma ki leƙa Afirka ta Kudu, domin dokarta ta 1998 ta ƙara tambayar da na fi ganin darajarta: ma'aikata fa, da ƙananan 'yan kasuwa? Da Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya zo sayen Massmart na Afirka ta Kudu a 2011, an amince, amma da sharaɗin ba za a sallami ma'aikata ba har shekara biyu, kuma a ware kuɗin tallafa wa masu kawo kaya na cikin gida. Masana a Amurka za su ce wannan siyasa ce. Ni a ganina ƙasar da rashin aiki ya yi wa katutu tana da haƙƙin tambayar abin da ya wuce farashi.

Tambaya: Malam, ana ɗaure mutum a kan haɗa baki wajen farashi, ko tara ce kawai? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ya danganta da ƙasar, ɗan'uwa. A Amurka laifi ne da ke kai mutum kurkuku har shekara 10, kuma wanda aka cuta yana iya neman diyya ninki uku na asararsa. A Birtaniya, tun dokar 2002, hukuncin yana kai shekara 5. Hukumar Tarayyar Turai ba ta da ikon ɗaure kowa, kamfani kawai take cin tara. Dabarar da kusan kowa ya ara daga Amurka ita ce yafe wa wanda ya fara tona asiri. A shari'ar manyan motocin can, kamfanin MAN ne ya fallasa sauran, bai biya ko Yuro ɗaya ba.