Me Zan Shuka a Ƙarƙashin Mangwaro?

Tambaya: Ina da bishiyar mangwaro uku a bayan gidana a Zariya. Ƙarƙashinsu fayau, ruwan damina ya zaizaye ƙasar har saiwoyi sun fito. Mai sayar da furanni ya ce in sayi ciyawar kiri-kiri in shimfiɗa. In saya?

Amsa: Hajiya, riƙe kuɗinki. Kiri-kiri ciyawar rana ce, shi ya sa take kyau a filin ƙwallo. A inuwar mangwaro ramewa za ta yi ta yi har ta mutu.

Kafin ki sayi komai, ki leƙa wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, ki ga inda rana ke ratsowa. Dab da kututture, inda duhu ya yi yawa, kada ki wahalar da kanki. Ki hana yara share busasshen ganyen da ya zuba, domin tsintsiyar nan ta kowace safiya ita ce ta tsiraita ƙasar tun farko.

A gefen inuwar ne za ki yi shuka. Na'a-na'a tana yaɗo ta rufe ƙasa, kuma reshe kaɗan daga maƙwabta ya isa, muddin ba ta rasa ruwa ba. Gwaza ma na son inuwa da danshi. Amma ni citta nake ba ki shawara, ki haɗa da kurkum.

Wajen sayen irin ne nake so ki buɗe ido. A 2023 cutar ruɓewa ta yi wa gonakin citta mummunar ɓarna a Kudancin Kaduna, su Kachia da Jaba da Kagarko, kuma irin wannan cuta tana bin iri. Ki danna kowace citta da babban yatsa. Wadda ta lotsa, ko take tsami a hanci, ki mayar wa mai ita. Mai tauri, mai idon da ya fara kumburowa, ita za ki ɗauka. Ki yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da ido ɗaya ko biyu, ki bari yankan ya sha iska kwana biyu. Ki tara ƙasa da ruɓaɓɓen taki a yi tudu, don kada fartanya ta sari saiwar mangwaro ranar haƙa. Ki shuka a zurfin santimita 5, tsakani taƙi guda, idan ruwa ya zauna wajen watan Mayu. Bayan kamar wata 8 ganyen cittar zai bushe, lokacin haƙa ke nan. Da rani kuwa ki lulluɓe tudun da ganyen mangwaron har damina ta zagayo.