Me ya sa likitoci suka hana ɗana farkawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗan okada ne ya buge ɗana mai shekara 6 a Agege, kuma yau kwanansa huɗu a sashen kulawa ta musamman. An ce ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, an sa masa siririn bututu a ka, ana ta ba shi maganin barci. Kakarsa ta dage sai an tashe shi an ba shi rubutu. Anya wannan barcin alheri ne? Wata uwa daga Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.

Ƙoƙon kai ƙashi ne da ba ya buɗewa, kuma abubuwa uku ne suka cika shi: ƙwaƙwalwa, wadda ta ɗauki kusan kashi 80 cikin 100, sai jini, sai ruwan da ke kewaye da ita. Idan buguwa ta kumbura ƙwaƙwalwa, ba ta da inda za ta nufa, sai ta matse hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Illar da wannan matsi ke yi bayan haɗari takan kai ta buguwar farko, wani lokaci ma ta fi ta, kuma ita likitoci suke ƙoƙarin tarewa.

Bututun da kika gani shi ne ke auna matsin, wani irinsa kuma har ruwa yake zubarwa domin a samu sarari. Idan kin dubi allon da ke gefen gadonsa, za ki ga lamba tana hawa tana sauka. A wajen yara, idan ta wuce 20 ta tsaya a nan, likitoci ba sa jira: sukan ba da ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya, ko maganin manitol, domin janye ruwa daga ƙwaƙwalwa. Idan komai ya faskara, akan cire wani ɓangare na ƙashin kai, a mayar daga baya.

Barcin kuwa magani ne. Kuka, tari, zafin ciwo, zazzaɓi da jijjiga duk suna ɗaga matsin, ƙwaƙwalwar da ta huta kuma ba ta buƙatar jini mai yawa. Haka nan ɗaga kan gadon da aka yi zuwa digiri 30, da miƙar da wuyansa, don jini ya riƙa sauka daga kai ne. Ina roƙonki kada kowa ya gyara masa matashi ko ya juya shi don tausayi.

Batun Hajiya kakarsa kuwa, ki lallashe ta da girmamawa, domin ƙauna ce ta sa ta dagewa. Sai dai yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ko cokali ɗaya na iya sarƙe shi ya gangara huhu. Ta zauna kusa da shi idan an ba da izini, ta yi masa addu'a cikin sanyin murya.

Ga sauran iyaye, ba haɗari kaɗai ke jawo wannan ba, har da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Jaririn da maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, ko yaron da ke ta amai da ciwon kai, yana wuyar tashi daga barci, a garzaya da shi babban asibiti irin LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja a Legas, ko a kira lambar gaggawa ta 112.