Zan iya ɗaure injin guduma a kan daɓen shagona?

Tambaya: Ni maƙeri ne a Aboabo, Kumasi. Na kama sabon shago a gefen Suame Magazine, na kuma sayi injin guduma guda biyu masu aiki da iska, ƙirar Sin, ɗaya mai kilo 40, ɗaya mai kilo 75. Suna hanya daga tashar ruwa ta Tema. An riga an zuba daɓen siminti a shagon, kaurinsa inci 4. In ɗaure su a kai da noti? Wutar shagon kuma mai layi ɗaya ce.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Amma daɓen nan naka na tafiyar ƙafa ne da ajiye buhun gawayi, kada ka ɗora masa guduma. Kilo 75 ɗin da aka rubuta nauyin kan da ke faɗowa ne kawai, kuma zai riƙa faɗowa fiye da sau 150 a minti guda. Na taɓa yin wannan gangancin ina saurayi. Wata biyu ba a rufa ba daɓen ya tsage kamar ƙasar fadama da rani, injin ya karkace, maƙwabcina mai gyaran injin mota ya zo yana nuna mini yadda sifanoninsa ke rawa a kan teburi.

Kowace guduma a haƙa mata raminta daban. A yanka daɓen, a yi ƙasa har a tarar da jar ƙasa mai tauri. Idan takardar kamfanin ta zo da zanen tushe, ita za ka bi. In babu, ni dai ba na yi wa mai kilo 75 ƙasa da zurfin mita 1, kuma ina barin kankaren ya zarce ƙafar injin da taƙi guda ta kowane gefe. Mita guda ta kowace fuska na kankare ya kai tan 2.4, wannan nauyin shi ke shanye bugun. A sa rodi, a kwaɓa siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Abin da magina suka fi mantawa shi ne rata: kada tushen ya taɓa daɓen shago ko bango. Bar tsakani kamar yatsa biyu, ka cusa roba ko soso mai tauri. Da sun haɗu, girgizar za ta bi daɓen har ɗakin maƙwabci.

Ka dubi ruwa kuma. Kai ɗan Aboabo ne, ka san abin da damina ke yi wa kwari a Kumasi. In ka haƙa ka ga ruwa na tsattsafowa, shimfiɗa tsakuwa da leda mai kauri kafin a zuba, ka ɗaga saman tushen sama da daɓe kaɗan.

Kada ka binne notin tun injin bai iso ba. Bar musu ramuka, sai ka auna da ƙafar injin kanta, domin zane da ƙarfe ba kullum suke daidaita ba. Tsakanin kankare da uwar maƙerar injin a shimfiɗa busasshen katako mai tauri, odum ko tik. Kankaren kuma a riƙa yayyafa masa ruwa, a bar shi kwana 28. Na san kuɗin haya na tafiya, haƙuri za ka yi.

Batun wuta gajere ne. Motar lantarki da ke juya babbar gudumar kimanin kilowat 7.5 ce, mai layi uku take so, wato wajen bolt 400. Je ofishin ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ka nemi mita mai layi uku tun yanzu. Ka sa na'urar da ke kashe mota idan layi ɗaya ya ɗauke, don mota mai gudu a layi biyu ƙonewa take yi. Ranar tayarwa ka dubi kibiyar da ke jikin babbar ƙafar da bel ke juyawa. In ta juya a baibai, mai gyaran wuta ya musanya waya biyu.

Ka jera injinan yadda taku biyu ko uku zai kai ka daga wutar ƙira zuwa guduma da awartaki a hannu, kuma kada bakin ɗaya, wato wurin da yake bugun ƙarfe, ya fuskanci inda yaron ɗaya injin ke tsayawa. Kafin bugun farko cika tulun mai, ka ga yana ɗiga, ka bar injin ya yi gudu haka nan na ɗan lokaci. Kada yara su yi wasan haɗa bakin sama da na ƙasa babu jan ƙarfe a tsakani, haka ake fasa su. Bayan aikin yinin farko sake ɗaure noti, ka sake buga wejin, wato ƙarfen da aka cusa don ya riƙe bakunan, domin katakon zai ɗan zauna. Toshin kunne kuma sayo da yawa, na farkon duk a aljihun yaran za su ɓace.