Aikin jarida yana ci har yanzu?

Ɗan'uwa ka ce kana son shiga aikin jaridar takarda, ko akwai ci gaba? To ni dai lokacin da muka fara da biro muke rubuta labari mu kai ofis, kafin asuba mota ta kwashi jarida zuwa Zariya da Katsina. Yanzu fa kafin ka gama rubutu an watsa a Facebook da WhatsApp, masu talla sun gudu, ga kuma tsadar takarda. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara 1939 ma ina take yau? Aminiya kam tana nan amma ita ma ta rungumi intanet. Shiga abinka, sai dai ka koyi ɗaukar bidiyo da waya, albashi kuwa wani wajen sai a yi wata uku shiru wallahi.