Magena ta daina cin abinci, yau kwana biyu

Assalamu alaikum Anti. Ina da mage 'yar shekara uku, mai ƙiba ce sosai, za ta kai kilo 5. Abincinta ragowar na gida ne, shinkafa da miya, kan kifi, wani lokaci ƙashin kaza. Yau kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Takan zo wajen kwanon ta sunsuna, sai ta juya ta shige ƙarƙashin gado. Tana atishawa, idonta na kwantsa, yawu kuma yana ɗan zuba ta gefen bakinta. Ko ruwa sai ta lasa kaɗan ta bari. Maigida ya ce a ƙyale ta, in yunwa ta ishe ta za ta ci. Maƙwabciyata kuma ta ce in jiƙa rabin farasitamol a madara in ɗura mata. Ban ba ta ba tukuna. Yaya zan yi?

Mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Madalla da kika tsaya tambaya, don farasitamol guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya ɓata jini ya kasa ɗaukar iska: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Rabin ƙwaya mai miligiram 500 na iya kashe mage irin taki. Haka ibuprofen da sauran magungunan ciwon jiki na mutane. Madarar ma a bar ta, yawancin manyan maguna gudawa take sa su, ga shi taki dama ba ta shan ruwa.

Ki lallaɓa maigida ki gaya masa a nan jira ba namu ba ne. Mage in ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta don a samu ƙarfi. Hantar ba ta iya ɗaukar kitse mai yawa a lokaci guda, sai ya cika ta ya hana ta aiki. Daga nan tashin zuciya ya ƙaru, ta ƙara ƙin abinci, abin ya yi ta cin kansa. Wannan na iya farawa cikin 'yan kwanaki, kuma mai ƙiba ce ta fi shiga haɗari. Alamar an kai can ita ce shawara: farin ido, dasashi da cikin kunne su koma ruwan ɗorawa. Shi ya sa babbar mage in ta yi awa 24 ba ta ci ba ake neman likita, jaririya kuwa ko rabin yini ba a jira. Taki ta wuce haka, don haka yau za ki kai ta, in dare ya yi gobe da sassafe. Kina Zariya, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Abin da kika bayyana ya fi kama da murar maguna. Mage da hanci take ci. In majina ta toshe shi, abinci ba ya mata ƙamshi, sai ta sunsuna ta wuce. Ƙwayoyin cutar da ke kawo murar sukan fito da gyambo a harshe, shi ne yawun da kika gani. Amma tunda tana cin kan kifi da ƙashin kaza, ƙaya ko tsagin ƙashi na iya maƙalewa tsakanin haƙora ko a dasashin sama.

Kafin ki kai hannu bakinta, ki tambayi kanki: tana fita waje? Kare ko wata dabba ta taɓa cizonta? An yi mata rigakafin cutar haukan kare? Mage ma tana kamuwa da ita. In ga zubar yawu ga canjin hali, kamar kai wa mutane farmaki ba dalili ko tangaɗi, kada kowa ya taɓa ta, a rufe ta a ɗaki a kira likitan dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti.

In babu wannan fargabar, ki naɗe ta da tawul kai kawai a waje, wani ya riƙe miki. Ki dafa kanta ta sama ki ɗaga shi, ki danna haɓar ƙasa a hankali, ki haska da tocila. Ki duba gyambo, jan dasashi, karyayyen haƙori, da ƙarƙashin harshe, inda zaren ɗinki kan naɗe. In kin ga zare kada ki ja, wataƙila ɗaya bakinsa yana cikin hanji, janye shi na iya yanka hanjin. Ki lura da launin dasashi: lafiyayye ja-ja ne mai danshi. In ya yi fari fat, ki tuna ko an sa maganin ɓera a sito, don irin mai tsinka jini sai bayan kwana uku zuwa biyar yake nuna kansa. Fiya-fiya kuwa nan take ne, da yawu da karkarwa. In akwai ɗaya a gidan, ki tafi wa likita da ledar ko kwalbar.

Sannan ki tsinko fatar bayan wuyanta ki saki. In ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinta. In ta tsaya a tsinke, ruwa ya yi ƙasa, sai ƙarin ruwa a asibiti. Mage mai kilo 5 tana bukatar kusan mililita 250 a yini, har da ruwan da ke cikin abinci.

Kafin ku tafi, ki goge mata hanci da ido da tsumma mai ɗumi. Ki shigar da ita banɗaki ki rufe, ki ajiye bokitin ruwan zafi inda ba za ta kai ba, ta shaƙi tururin minti 10, majinar za ta saki. Ki dafa tsokar kaza da ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba albasa, ki daka ta da ɗan romonta ta yi laushi, ki ba ta da ɗumi-ɗumi don ƙamshin ya tashi. Kifin gwangwani ma yana jan su, a tsiyaye man. Cokali ɗaya ko biyu a faranti mai faɗi, a wurin da yara ba sa kai-komo. In ta ƙi, ki shafa kaɗan a yatsa ki kai mata bakin leɓe. Ɗure ne ban yarda da shi ba: abinci na iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, kuma mage in an tilasta mata abu tana cikin tashin zuciya takan tsane shi ko bayan ta warke. Likita yana da allurar hana amai da maganin buɗe ciki, in ta kama ma yakan sa siririyar roba ta hanci a ciyar da ita.

Masu muzuru su saurara: in ya daina ci, yana tsuguno yana kuka fitsari ba ya fita, mafitsara ce ta toshe, kuma kwana ɗaya zuwa biyu na iya halaka shi.

In ta samu sauƙi, ki raba ta da miya. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jinin mage a hankali. Shinkafa kuma ba ta riƙe ta, don akwai wani sinadari da ake kira taurine, da zuciyarta da idonta ke bukata, wanda sai a nama da kifi take samu. Ki cire ƙaya, ki daina ba ta dafaffen ƙashi, sannan ki tambayi likita ranar rigakafin mura da na haukan kare, da maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinta.

Anti