Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gyambon ƙafar Babanta mai ciwon suga

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki, kin ce Baba yana da suga, ciwo ya fito masa a tafin ƙafa ƙarƙashin babban yatsa wata biyu ke nan, ba ya masa zafi ko kaɗan, kullum ana kai shi kemis a wanke a sa zuma yana shan kafso amma ramin sai ƙara zurfi yake, da kuka je asibiti likita ya ce sai an kankare wataƙila ma a cire yatsan, shi ne 'yan gida suka ce a'a a koma gida. Na kuma karanta amsoshin da aka ba ki, masu cewa man habbatus sauda, masu cewa garin bagaruwa, har da mai cewa wai wani abu ya taka. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin wankin ciwo da ɓangaren tiyata, ki yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Wannan rashin zafin da kika faɗa kamar abin kwantar da hankali, wallahi shi ya fi ɗaga min hankali a duk bayaninki. Suga idan ta daɗe a jiki tana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, tana farawa da yatsu tana hawowa, da farko mutum ya riƙa jin kamar barkono ko kamar ana soka masa allura da daddare, daga baya sai shiru, ƙafar ta zama kamar ba tasa ba. Na ga dattijon da ƙusa ta huda silifas ɗinsa ya wuni yana tafiya a kanta, jikarsa ce ta ga jini a tabarma. Da hunturu kuwa muna shan masu ƙuna, mutum ya miƙe ƙafa gaban garwashi yana hira har fata ta salɓe bai sani ba, da bazara kuma tayil ɗin harabar masallaci ran Juma'a. A Darussalam ta Tanzaniya likitoci har rubutu suka wallafa kan masu suga da ɓera ke cin yatsunsu suna barci. A asibiti akwai ɗan siririn zaren roba da ake dannawa a tafin ƙafa, nauyin giram 10 yake bayarwa, in mutum bai ji shi ba to ƙafar ba za ta iya faɗa masa ta ji ciwo ba, sai dai ido ya gani.

To tunda ba zafi, Baba yana taka ciwon. Nan ne matsalar take, kuma kaf amsoshin da aka ba ki ba wanda ya taɓo wurin, kowa abin shafawa yake faɗa. Ke da ni in ƙaya ta soke mu ɗingishi za mu yi sai ta warke, shi kuwa duk takun da zai yi daga ɗaki zuwa banɗaki zuwa ƙofar gida nauyin jikinsa gaba ɗaya kan ramin yake sauka, sabon naman da ya fara tohowa da dare a murƙushe shi da safe. Kamar ki yi daɓe ne ki bar yara suna bi ta kai bai bushe ba. Mu a ɗakin wanki tun kafin mu kwance bandejin muke gane wanda ya yi tafiya, ƙasan ya yi baƙi ya lafe kamar takarda, gefen ramin kuma ya yi wani farin kaushi mai kauri zagaye, ka tambaye shi ya rantse maka bai je ko'ina ba, kuma ba ƙarya yake ba, shi a wurinsa zuwa masallaci sau biyar ba zuwa ko'ina ba ne.

Abin mamaki daga wurin kutare aka koyi wannan. Wani likitan tiyata Bature, Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore a Indiya tun shekarun 1940, shi ya nuna cewa yawancin gundulewar yatsun kutare ba cutar ce ke cinye naman ba, rashin jin zafi ne ke sa su yi ta jin ciwo a wuri ɗaya har ya ruɓe. Sai suka riƙa naɗe ƙafar da siminti irin na karaya, ya kama ta tsaf daga ƙasan gwiwa har tafi yadda nauyi zai watsu ya bar ramin, ana canzawa duk sati, gyambon da ya yi shekaru ya rufe. Da ya koma Carville a Amurka a shekarun 1960 aka fara yi wa masu suga, har yau kuma shi ne kan gaba. A wani bincike na 2001 a Amurka kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka sa wa simintin sun warke cikin sati 12, masu takalmin asibiti da ake iya cirewa kuwa kashi 65 cikin 100. Da aka bi diddigi a 2003 aka maƙala wa wasu masu irin wannan takalmin na'urar ƙirga taku, sai aka tarar kashi 28 kacal na tafiyarsu suke yi da takalmin, sauran duk a cire. Kin ga ba mutanenmu kaɗai ne masu taurin kai ba. Amma fa ba a sa simintin a ƙafar da ta kumbura tana ruwa da wari ko wadda jini ba ya isa, kuma sai wanda ya iya, don in aka yi shi ba daidai ba shi kansa zai huda wani wurin. In babu mai yi a kusa da ku, to sandunan dogarawa ko keken asibiti, a kawo masa komai kusa, Sallah a zaune. Ki duba yadda ake tanƙwara yatsu a sujjada da zaman tahiya, daidai wurin ciwon Baba ne. Alwala kuma a yi shafa a kan bandejin, malamai sun san hukuncin, ku tambaya, kar a riƙa jiƙa shi.

Sai maganar abin da ake sawa. Mutanenmu sun yarda ciwo sai ya sha iska ya bushe yake warkewa, tun 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar alade ya ga ciwon da aka rufe yana da ɗan danshi ya kusa ninka wanda aka bari a buɗe saurin yin sabuwar fata. Danshi fa na ce ba jiƙewa ba. Abin da ke ƙona min rai a wasu kemis shi ne kullum a tuttula haidurojin ya yi kumfa, a bi da sifirit ko Dettol, mai ciwo ya ga kumfa ya ji daɗi wai ana aiki, alhali har da sabon naman ake kashewa. Ruwan gishirin nan na ƙarin ruwa ya isa wanki a yawancin lokuta. Shi kuma shuɗin maganin nan rufe mana ido kawai yake, ba ma ganin kalar naman.

Zuma ba na raina ta, mu ma mun yi amfani da ita a asibiti, tana rage wari tana tausasa mataccen nama. Amma kwamitin duniya na masana ƙafar masu suga, IWGDF, a ƙa'idojinsu na 2023 sun ce babu ingantacciyar shaida cewa tana rufe irin wannan gyambon, ba su ba da shawarar a dogara da ita ba, balle ta bakin titi da ba ki san me aka haɗa ba. Garin magani kuwa don Allah kar a cusa a rami, mu ke shan wahalar tono shi. Kafso ma in ba ƙwayar cuta a ciwon ba ya ƙara saurin warkewa, in kuma akwai ta a ƙashi to ba na kwana biyar na kemis ba ne, sati shida ake maganarsa. Akwai ma'aunin da muke bi, ciwon da bai ragu da rabi ba cikin sati 4 ana kula da shi, da wuya ya rufe a wata uku sai an canza hanya. Na Baba wata biyu yana ƙaruwa.

Yanzu kan tiyatar da 'yan gida ke tsoro. Kankara ba yanke ƙafa ba ce. Farin kaushin nan da mataccen naman ciki ake yankewa da wuƙar tiyata har a kai inda yake ja yana ɗan tsatsar jini, ciwon zai fi girma a ido ranar, kar ku tsorata, da ma haka girmansa yake a ɓoye, sau da yawa bakin rami kamar ƙwayar gyaɗa amma a ƙasa ya yi kogo har tsakanin yatsu. Likita zai sa ɗan siririn ƙarfe a ciki, in ya ji ya daki abu mai tauri yana gurza to ya kai ƙashi, sai hoto, mai yiwuwa abin da ya ji ke nan ya kawo zancen yatsa, ku tambaye shi kai tsaye. Ku kuma tambaya an duba jini yana sauka ƙafar? Ana taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu, ana sa na'urar Doppler mai sauraron gudun jini a jijiya. In hanyar jini ta toshe duk wankin duniya ba zai rufe ciwo ba, kuma ko yatsan aka cire wurin ba zai haɗe ba, wannan sai manyan asibitocin koyarwa. In Baba yana shan taba ko shisha to ya bari yau.

In an tabbatar ƙashin yatsan ya ruɓe, ni dai a ganina ku yarda. Wanda aka cire wa yatsa ɗaya yana tafiya da ƙafarsa, ko rabin tafi aka cire yana tafiya da takalmi na musamman. Waɗanda nake tunawa da baƙin ciki su ne masu sa hannu a takarda su tafi gida kan yatsa ɗaya, bayan sati uku a dawo da su cikin dare a kwance, zazzaɓi, suga ta haura ta ƙi sauka, warin ya riga su shigowa, lokacin zancen ya koma ƙasan gwiwa ko sama, wani ma ba a kai ga shiga tiyatar. Kuma a unguwa sai a ce asibiti yanke ƙafa kawai suka iya. An yi bincike a manyan asibitoci 6 na Najeriya tsakanin 2016 da 2017, har da Kano da Zariya, mutum 336 da aka kwantar da gyambon suga, kusan kashi 35 cikin 100 an yanke musu wani sashe, kusan kashi 20 sun rasu, kuma kusan 8 cikin 10 sun zo ne ciwon ya riga ya yi nisa. Baba da yake tafiya da ƙafarsa ba zazzaɓi bai kai nan ba, shi ya sa nake ta zuba haka.

Akwai kuma wankin tsutsa, kar ki yi dariya. Tsutsar wani koren ƙuda ce da ake kiwo a ɗakin gwaji ba ƙwayar cuta, a zuba a ciwo a rufe kwana biyu zuwa uku, ta cinye mataccen nama ta bar mai rai, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita tun 2004, kuma an yi ta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsabtace ciwo take yi, ba ta gyara ƙashin da ya ruɓe, ba kuma tsutsar da ƙudan gida ke zubawa ba ce.

Sugar ita kanta dole ta sauka, in an ce a koma allurar insulin na wani lokaci ku karɓa, ba alamar ƙarshe ba ce kamar yadda ake yaɗawa. A yi gwajin jinin nan da ke nuna yadda sugar ta kasance cikin wata uku. Kar kuma a hana shi abinci da sunan suga, ciwo na buƙatar ƙwai da wake da kifi, sai dai in an ce ƙodarsa ta taɓu.

Kafin ku koma asibiti, in kika ga ja yana hawa bayan ƙafar, ko kumburi, ko wari, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko Baba ya fara ruɗewa, ku tafi ko ƙarfe biyun dare ne. Kar a gasa da ruwan zafi, kar wanzami ya tsaga, kar a sa reza a kaushin.

In Allah ya sa ya rufe aiki bai ƙare ba, don kusan 4 cikin 10 ciwon yana dawo musu cikin shekara ɗaya, sabuwar fatar ba ta da ƙarfi. Takalmi rufaffe mai faɗin baki da taushin ciki, da safa fara don a ga jini in ya fito, a zazzage takalmin a sa hannu a lalube kafin ya sa, ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, a shafa mai a faso amma ban da tsakanin yatsu, nan a goge ya bushe bayan alwala. In yatsunsa sun lanƙwashe suna dukan ƙasa akwai ƙaramar tiyata da ake sakin jijiyar ƙasan yatsan ya miƙe, mintoci ne. Ki duba ɗaya ƙafar ma yau ɗin nan, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, don yanzu ita za ta ɗauki nauyin duka. Sannan duk sati ki ajiye rula a gefen ciwon ki ɗauki hoto da wayarki, ki riƙa nuna wa likitan.