Amsa ga Alhaji kan sifikun baya da suka yi shiru

Assalamu alaikum. To Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce ka sayi kayan sauti masu sifika biyar, wani fim ɗin ka ji ruwan sama na zuba ta ƙeyarka, wani kuwa na bayan shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Kada ka mayar wa mai kanti tukuna, wataƙila lafiyarsu ƙalau.

Ka ga, fina-finai da yawa layin sauti biyu ne kacal a jikinsu, hagu da dama. To amma wasu, tun a situdiyo ake cusa layi huɗu cikin biyun nan: hagu, dama, tsakiya da baya. Maganar 'yan wasa ita ce ta tsakiya, sai a zuba ta daidai wa daida a hagu da dama. Sautin baya shi ma a zuba shi a duka biyun, amma a juye. Wato lokacin da fatar sifikar hagu ke turowa waje, ta dama ciki take shigewa.

Na'urar taka kuma lissafin 'yan firamare take yi, wallahi. Ta tara hagu da dama, abin da suka yi tarayya a kai ta kai shi tsakiya. Ta ɗebe dama daga hagu, maganar nan ta kashe kanta tunda iri ɗaya ce, sai juyayyen ya rage, ta tura shi baya.

Tsarin sauti na Dolby Surround da ya shigo gidaje a 1982 kusan haka yake aiki, sai dai ba ya fitar da layin tsakiya daban, kuma yana yoyo, magana takan tsallaka baya. A 1987 sabon tsarin Dolby mai suna Pro Logic ya zo, shi yana bin inda sauti ya fi ƙarfi ya danne sauran. Abin da ya fi burge ni shi ne jinkirin da ake sa wa na baya, kamar kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam abin da ya fara iso masa yake kamawa, don haka ko magana ta yi yoyo, daga gaba za ka ji ta. Kuma a wancan tsarin duka sifikun baya abu ɗaya suke faɗa, an datse su tsakanin hertz 100 da 7,000, wato ba sa fitar da sauti mai kauri sosai ko mai siriri sosai. Sai a 2000 Pro Logic II ya raba su.

Yauwa, ga inda gizo ke saƙar. Idan fim ɗin da aka tura maka a waya an matse shi ya koma mono, hagu da dama sun zama abu guda. Ka ɗebe guda daga ɗan'uwansa, me ya rage? Sifiri. Komai sai ya taru a sifikar tsakiya. Ni ma na taɓa yini ina canza wayoyin sifiku a banza saboda wannan.

Dolby Digital 5.1 daban ne, kowane layi hanyarsa daban, ba cushe. Yanzu dai ka duba rimot, ka danna inda aka rubuta PL II, wato Pro Logic II, in akwai shi, ka sa fim ɗin da ka ji ruwan saman, sannan ka sa ɗayan. Ka turo min abin da ka ji.